Ranar da Kaka ta haɗa Tunkuɗau da Ɗan Basilla

Har yau in na ji yaran unguwarmu sun taru a gindin katangata suna ta da jijiyar wuya a kan wane jarumin fim ne zai kayar da wane, ba na iya korarsu. Maƙwabciyata cewa take na cika haƙuri. Ina fa haƙuri, ni da ko a gidanmu ba wanda ya taɓa yi mini wannan shaidar. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar na ji wani ya ce "wallahi naushi ɗaya zai yi masa", sai in tsinci kaina a wani ɗan ƙauye a ƙasar Droum, ina zaune gaban wutar kakata, ina irin wannan rantsuwar da bakina cike da gyaɗa.

A Damagaram aka haife mu, ni da ƙanena Bukar. Amma duk damina in an rufe lakwal, wato makarantar boko, babanmu yakan zauna tsaron shagonsa, Inna kuma ta kwashe mu zuwa wurin mahaifiyarta, Kaka Yagana, mu taya ta noma, ko in ce mu taya ta cin abin da ta noma. Kaka 'yar asalin Barno ce, gajeriya, mai tsage a fuska, goro ya rina mata haƙora. Ba ta iya lallashi ba. In ka faɗi ka fasa gwiwa, abin da za ta fara tambaya shi ne ko ƙasar ta ji ciwo. Amma in an idar da sallar isha'i, ta hura wuta a tsakar gida ta ɗora ɗanyen haki don hayaƙin ya kori sauro, sai ta koma wata mata daban. Yaran maƙwabta su yi ta shigowa, mu kewaye ta. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa ta taso daga gabas, ƙafarta duk ƙura." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Ta san duk tatsuniyoyin da tsofaffi suka sani, amma akwai wasu jarumai biyu da ban taɓa jin su a bakin kowa ba sai ita, kuma ina kyautata zaton ita ta ƙirƙiro abinta. Na farko Tunkuɗau, ƙaton da in ya yi tari sai rumbuna su zube. Duwatsun nan da ke jibge a unguwar Birni ta Damagaram, in ji Kaka, tsakuwa ce da ya tsince daga cikin tuwonsa ya watsar. Ba ruwansa da dabara, duk abin da ya tare masa hanya ture shi yake da kafaɗa ya wuce. Na biyu Ɗan Basilla, ɗan wani baduku, siriri kamar karan dawa, ba shi da makami sai basillarsa ta ɗinkin fata da ɗan zare a aljihu. Ya taɓa ɗinke bakin kura tana barci. Ya taɓa ɗinke inuwar wani azzalumi a ƙasa, mutumin ya kasa tashi daga inda yake zaune har sai da ya nemi gafarar duk wanda ya cuta.

Kaka ba ta taɓa haɗa su a dare ɗaya ba. Yau labarin wannan, gobe na wancan. Mu kuwa abin da ya dame mu ke nan: in sun haɗu, wa zai ci?

Ni 'yar Tunkuɗau ce, ba ɓoye-ɓoye. Ina son abu in za a yi shi a yi shi da ƙarfi a gama. Bukar kuwa, da yake shi ma ɗan tsurut ne, shekarunsa ba su wuce bakwai ba, ya riƙe Ɗan Basilla kamar tare aka yi musu kaciya.

"Naushi ɗaya," nakan ce. "Kai, ba ma naushi ba, atishawa."

"Sai ya ɗinke masa hancin kafin ya yi atishawar," in ji Bukar.

"Da wane tsani zai hau ya kai hancin?"

"Sai ya jira shi ya kwanta."

"To wannan faɗa ne ko sata? Namiji ya zo ido da ido mana."

Gardamar ba a gaban wuta take tsayawa ba. Takan bi mu gona, ta bi mu rijiya. Yaran ƙauyen suka rabu gida biyu, har akwai waɗanda ba sa cin gyaɗa a kwano ɗaya saboda ita. Wata rana na ture Bukar cikin kunyar gona don in nuna masa yadda jarumina ke aiki. Bai yi kuka ba. Ya jira na yi barcin rana, ya ɗauki allurar Inna ya ɗinke zanena da tabarma. Na tashi na fita tabarma na bin bayana, gidan duk aka kwashe da dariya. In abin ya ishe mu sai mu kai ƙara wurin Kaka, ita kuma ta gutsiri goronta ta ce, "Ni ban taɓa ganin sun haɗu ba. Wannan yana gabas, wancan yana yamma. In kun matsu, ku je ku kira su." Sai ta harari Bukar da wasa ta ce, "Kai angona, da wannan jikin naka dole ka so mai basilla."

Haka muke har daminar da amai da zawo ya shigo ƙauyen.

An kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Koramar da ke tsakaninmu da hanyar mota ta cika ta tumbatsa, ko amalanke ba ya iya ƙetarewa. Da asuba Bukar ya fara. Kafin hantsi idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe, in ka tsunkuli fatar cikinsa sai ta tsaya a yadda ka bar ta. Inna ta aike ni da gudu ɗan gidan likitan ƙauyen in kira Madam Rifkatu, wata Kirista 'yar Damagaram da ke aiki a can, wadda Kaka ke kira 'yata. Ta zo da taɓo har gwiwa, daga gani ba ta runtsa ba. Ta duba shi, ta sa aka kawo tafasasshen ruwa, ta yage wani ɗan sashe, 'yar ledar garin gishiri da sukari, ta zuba garin ta motsa.

"Iya," ta ce wa Kaka, "ruwan ƙari ya ƙare mini tun jiya, ambilans kuma tana can ƙetare ba ta da hanya. Ba ni da abin da ya fi wannan. Cokali-cokali, kada a tsaya. In ya yi amai a ɗan saurara, a ci gaba. In yana sha, zai tashi da yardar Allah. In ya daina sha..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ajiye sauran sashen, ta ce akwai gidajen da ke jiranta, za ta dawo kafin duhu. Kaka ta raka ta bakin ƙofa, daga nan ta shige ɗakinta.

Bukar ya sha kaɗan ya amayar, ya sake sha ya amayar, daga nan ya dantse haƙoransa. Inna ta lallashe shi, ta roƙe shi, ta ce za ta saya masa keke, ta ce za ta gaya wa Baba. Ta toshe masa hanci ta ɗura, ya shaƙe har idanunsa suka juya, ta saki cokalin ta fashe da kuka. Shi kuwa ya juyar da fuskarsa bango. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina da shekara goma sha ɗaya, na san me Madam ta ƙi faɗa. Na durƙusa a kansa na yi masa alkawarin duk abin da na mallaka, har da abin da ban mallaka ba. Da na rasa abin bayarwa sai na ba da mafi tsada a wurina.

"Bukar, na yarda. Ɗan Basilla ne zai ci. Wallahi na yarda, ka sha."

Bai buɗe ido ba. Da wata murya kamar ta tsoho ya ce, "Ba ke za ki faɗa ba."

Ashe Kaka na tsaye a bakin ƙofa, ta ji. Ta kalle shi, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Fanna, ɗauko bargo ki rufe ƙofar nan. Ki toshe tagar da tsumma. Ke Hajara," ta ce wa Inna, "share hawayenki ki zubo mini garwashi a kasko."

Inna ta ce, "Iya, me za ki yi?"

"Dare zan yi."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a tatsuniya da rana. Ce mana ake wanda ya yi zai yi makuwa, ya ɓata a daji ya kasa gane hanyar gida. Kaka ta riƙe wannan sosai, ko kalma ɗaya ba ka isa ka ciro daga bakinta ba in rana na sama. To ga rana tsaka, ga yaro ba zai kai dare ba in bai sha ba. Shi ne ta sa muka rufe ko'ina, ɗakin ya yi duhu sai jan garwashi. Ta zauna, ta ɗora kan Bukar a cinyarta, ta karɓi cokalin.

"Ga baƙi sun taso, ƙafafunsu duk ƙura," in ji ta.

Sai da ta zungure ni da ƙafa sannan na ce, "A shimfiɗa musu tabarma."

"Yau su biyu ne. Ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma."

Na ga fatar idon Bukar ta motsa.

Ta ce wata rana Tunkuɗau da Ɗan Basilla suka yi kiciɓis a wata siririyar hanya tsakanin duwatsu biyu, inda mutum biyu ba sa wucewa tare. Tunkuɗau ya ce, "Kauce." Ɗan Basilla ya ce, "Ni na riga shigowa." Tunkuɗau bai ko ɗaga hannu ba, ɗan yatsa ya sa ya ɗalle shi, yaron ya tashi sama ya faɗa bayan wata kuka, bakinsa cike da yashi. "Ya kwanta," in ji Kaka. "Maƙogwaronsa ya bushe. Ba zai iya tashi ba sai ya sha ruwa, kuma ba kowa a dajin nan." Ta ɗebo ruwan a cokali ta riƙe a bakin Bukar.

"To angona, kai ne mutuminsa. In ka sha, ya sha. In ba ka sha ba, in naɗe tabarmata, Tunkuɗau ya ci, Fanna ta yi gaskiya."

Ban san tsawon lokacin da muka yi muna kallon bakin yaron nan ba. Daga ƙarshe haƙoran suka ɗan rabu, ta zuba, ya haɗiye.

Ɗan Basilla ya tashi. Ya rarrafo ta cikin ciyawa ya ɗinke takalmin Tunkuɗau da ƙasa. Ƙaton ya cire ƙafarsa daga takalmin ya shure shi, ya sake faɗuwa, aka sake neman ruwa. Ya tashi ya ɗinke masa babban yatsa da na kusa da shi, aka maka shi da dutse. Ya tashi ya ɗinke masa gira da gira, aka jefa shi cikin ƙaya. Kowace faɗuwa sai an sha masa cokali kafin ya motsa hannu, wani cokalin kafin ya durƙusa, wani kafin ya lalubo basillarsa da ta faɗi. In Bukar ya yi amai, Kaka ta goge masa baki ta ce, "Ai shi ma can aman yake, ka ga naushin da ya sha a ciki. Mu ɗan jira shi." Haka aka yi ta yi, gumi na zuba daga jikinmu, ɗakin na wari, Inna na sake dama wani sashen a duhu.

Shekaru ina jiran in ji Tunkuɗau na jibgar Ɗan Basilla, ga shi yau ana jibgarsa a gabana, ni kuma duk naushin da ya sauka a cikina nake jin sa. Na tsani ƙaton nan kamar in kashe shi. Da la'asar Kaka ta miƙa wa Inna cokalin ta fita alwala, na bi ta. Hasken waje ya kashe mini ido. Na riƙe mata zane ina kuka.

"Kaka, don Allah don Annabi ki bar Ɗan Basilla ya ci. Ki bar shi ya ji daɗi."

Ta dube ni, idanunta sun yi ja. "In ya ci, me zai sa ɗan'uwanki ya sake buɗe baki?" Ta zuba ruwa a hannunta. "Kuma ke na ga kin yi shiru. Ina bakin naki? Koma ciki ki yi masa irin abin da kika saba. Ki ba shi haushi."

A rayuwata an sa ni ayyuka masu wuya, amma ba kamar wannan ba. Na koma na zauna kusa da ƙanena da ke kwance kamar tsumma, na ce masa, "Ba na gaya maka ba? Ɗan yatsa ɗaya. Ɗan badukun naka ya gama yawo." Hawaye na gangara mini har wuya, Allah ya sa duhu ne. Na yi dariyar ƙarya, na tafa hannu. Can sai na ji ya ce, "Ƙarya ne," ya buɗe baki da kansa. Daga nan ya zama aikina. Duk sanda ya fara lumshewa, in yi masa gori, shi kuma ya sha don ya ƙaryata ni.

Gab da magariba abin ya ƙi. Muryar Kaka ta dushe, sai ka matso kake jin ta. Hannayen Bukar suka yi sanyi. Na yi gorin, bai motsa ba. Kaka ta sa cokali, ruwan ya gangaro ta gefen bakinsa. Inna ta fara salati. Kaka ba ta ko dube ta ba, ta sunkuya daidai kunnensa ta ce, "Tunkuɗau ya ɗaga ƙafa. Ƙafar ta rufe rana. Ɗan Basilla yana kwance a ƙarƙashinta, basillar na gefen hannunsa, ya kasa ɗauka. Ƙafar tana saukowa, angona. Tana saukowa." Ta yi ta maimaitawa, ta ƙi bari ƙafar ta sauka, ta ƙi ɗage ta. Ni kuwa na manta da aikin da aka ba ni. Na kama kafaɗunsa na girgiza ina ihu, "Ka ɗauki basillar! Bukar, ka ɗauka mana, zai taka shi!"

Maƙogwaronsa ya motsa. Kaka ta sake zubawa, ya sake haɗiyewa. Ta ce, "Ya ɗauka. Ya kafa ta a tsaye, ƙaton ya taka tsininta." Ban ji ƙarar da ta ce Tunkuɗau ya yi ba, don ni ma kuka nake.

Duhu ya fara da gaske lokacin da Madam Rifkatu ta yaye bargon ta shigo da tocilarta. Ta yi mamakin kasko da toshe taga amma ba ta tambaya ba. Ta taɓa wuyan hannunsa, ta tsunkuli cikinsa, sannan ta shafa zanen Kaka ta ji shi jiƙe. Bukar ya yi fitsari. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Mun gode maka, Ubangiji. Iya, ruwa ya zauna a jikinsa." Ban taɓa ganin an yi murnar fitsarin kwance kamar ranar ba. Kaka ta buɗe baki za ta amsa, ba abin da ya fito.

Ta yi kwanaki ba murya. Da Bukar ya fara zama ya ce a ƙarasa masa, ta ce masa sun gaji suna hutawa, kuma iyakar abin da muka taɓa samu ke nan. Da aka sake hura wuta a tsakar gida, da'irarmu ta ragu. Yara biyu daga cikin masu zuwa ba su tsallake cutar ba, ɗayansu ma ɗan ɓangarena ne, wanda ya fi kowa iya kwaikwayon tafiyar Tunkuɗau.

Na girma da tunanin cewa Kaka ta san abin da take yi. Na ɗauka ta tabbata yaron zai tashi, shi ya sa ta iya jan labarin ba tare da ta karaya ba. Har na yi aure na haihu a kan wannan tunanin nake. Sai ranar da ta rasu. Kamar tsofaffi da yawa, ta daɗe da tanadin likkafaninta a cikin wata adaka. Da matan da za su yi mata wanka suka warware shi, sai aka ga bai cika ba. An yage wani yanki, an naɗe shi daban a ƙasan adakar, tsawonsa bai wuce na ƙaramin yaro ba. Inna ta ɗauke shi ta daɗe tana kallo, sannan ta gaya mini. Ranar nan da Madam ta fita Kaka ta shige ɗakinta, abin da ta je yi ke nan. Inna ta leƙa ta gan ta tana aunawa da kamun hannu tana yagewa, Kaka ta ce mata kada a zo ana neman yadi cikin ruwan nan.

Wato ta riga ta fid da rai. Ta yanke wa jikanta likkafani daga cikin nata, ta naɗe ta ajiye, sannan ta fito ta zauna daga rana tsaka har duhu tana ta da ɗan baduku daga ƙasa, cokali bayan cokali, har muryarta ta tafi. Wannan ya girgiza ni fiye da mutuwarta. Ni a da jarumi a wurina shi ne wanda ya san zai ci tun kafin ya shiga. Tun daga ranar nake tunanin tsohuwar nan da ta shiga alhali ta tabbata an cinye ta. Sau da yawa in abu ya fi ƙarfina, ciwon yaro ko wata damuwar gida, nakan ji raina na cewa ba amfani, sai in tuna ita ma ranta ya gaya mata haka, kuma ta yarda da shi, amma ba ta ajiye cokalin ba.

Da yankin nan aka rufe mata kai, ya isa har kafaɗa. Bukar yana waje cikin maza, ya zama dogo mai gemu, yana jiran a fito da ita ya kama gaban makara. Bai san da me aka lulluɓe kanta ba, kuma har yau ban iya gaya masa ba.